Wa Ya Sanyaya Miyar Tsofaffi?

Ranar Talata tsofaffi bakwai suka yini suna layin bayan gida a wani gidan kula da tsofaffi a Garwa. Alhaji Bilya ma, da ya shekara uku yana cewa ƙafarsa ba ta takuwa, ran nan da gudu aka gan shi.

Likita ya ce miyar ce ta huce ta lalace kafin a raba. Madam shugabar gidan ta ce wa Lucienne mai girki ta kwashe komatsanta kafin Juma'a. Lucienne ta rantse makirci ne, ta garzaya komisariya, ofishin 'yan sanda.

Washegari da azahar Insfekta Mahfuzu ya iso, tumbi a gaba, shi a baya.

"Ƙarfe sha ɗaya nake saukewa, ranka ya daɗe," in ji Lucienne. "In jera tukwane cikin wannan bahon ruwan zafi, in auna, digiri saba'in cif. Nan suke jira har a idar da salla."

Insfekta ya tsoma yatsa a bahon. Cike yake fal, amma sanyi kamar ruwan randa. Ga ɗigon ruwa ya bi baranda.

Ya taras da Alhaji Bilya a tabarma, ya yi laushi.

"Baba, wa ke shiga kicin lokacin salla?"

"Ni ban ga kowa ba, ɗana. Idona ya mutu." Yana faɗa yana satar kallon ɗaki na huɗu.

Ɗakin Dada Kaltouma ne, tsohuwar mai kunun tasha. Warin man zafi ya tare Insfekta tun daga ƙofa.

"Dada, kowa ya kwanta jiya, ban da ke. Ba ki sha miyar ba?"

"Azumi nake, ɗan nan. Jiya da yau."

"Da goro a kumatu?"

Ta haɗiye. Insfekta ya durƙusa da kyar, ya jawo bokiti daga ƙarƙashin gado. Ruwa na tururi, tsumma a ciki, ganyen yakuwa ɗaya na yawo a sama.

"To, ni ce!" in ji Dada. "Gwiwata nake gasawa. Ruwa ya tafasa a bar wa tukunya, ni ina fama da sanyin ƙashi? Kuma ban yi sata ba, duk abin da na ɗiba sai na mayar daga randa, har da gyara."

"Shi ya sa ba kya shan miyar?"

"Ni mahaukaciya ce? Shekara arba'in ina sayar da kunu, ban san abin da ya huce ba?"

Madam ta ce wa Lucienne ta mayar da kayanta, ta yi haƙuri. Lucienne ta fashe da kuka.

Insfekta ya riƙe hannun Dada zuwa motarsa don ta je komisariya ta ba da bayani, taku ɗaya, hutu ɗaya. A bakin ƙofa ta waiwayo.

"Ke Lucienne, bar kukan nan. Gobe ki ƙara itace, ruwan yau bai yi zafin kirki ba."