Layin Ƙarshe a Jirgin Lilo

Ana gobe za ta bar birnin, Auta ta fita yawon buɗe ido ita kaɗai.

Makonni uku ke nan da wurin aikinta suka turo ta kwas. Makonni uku tana kwana a hawa na tara na wani masauki, ɗaki mai gado ɗaya, kujera ɗaya, da tagar da ba ta buɗuwa. A aji kowa ya zo da abokin hirarsa. Ita kuwa "ta kusa da ƙofa" suke ce mata, in ma an tuna da ita. Idan ta dawo ta yi sallama a ɗakin, ƙugin firij ne kawai yake amsawa.

Da safiyar ranar Yayarta ta kira ta.

"Ke dai Allah Ya shirye ki. An kai ki birni kin ƙule a ɗaki kamar mai jego. Fita ki ga gari, ki turo mana hotuna. Umma na son ganin doguwar gadar nan."

"Yaya, da wa zan je?"

"Da ƙafafunki mana!"

Ta kuwa je. Ta ga gidan tarihi, ta hau gadar, ta shiga lif har ƙololuwar wani bene inda motoci suka koma kamar tururuwa. Ta ɗauki hotuna sun fi hamsin, babu ko ɗaya da take ciki. Kuma duk inda ta tsaya, tambaya ɗaya ake yi mata. Mai tikitin gidan tarihi ya yi mata. Mai gadin benen ya yi mata. A gidan abinci ma mai hidima ya tambaye ta, "Ke kaɗai ce?" Da ta ce e, sai ya ɗauke ɗaya kujerar teburinta ya kai wa wasu masu iyali. Ta ci abincinta tana kallon gurbin kujerar.

Rana ta yi ja sa'ad da bas ta sauke ta a ƙofar wurin wasanni, can ƙarshen gari. Fitilu sun fara kamawa ɗaya bayan ɗaya. Iska na kawo ƙamshin gugguru, da warin man inji, da ɗanshin ƙarfen da ruwan sama ya taɓa. Masu yara suna fita, suna jan 'ya'yansu masu kukan a ƙara musu sau ɗaya. Zuciyarta ta ce ta juya. Amma ta tuna ɗakin nan da firij ɗinsa, sai ta sayi tikiti.

Jirgin lilo yana ƙuryar wurin, bayan wasu manyan bishiyoyi. Wani ƙaton kwalekwale ne na ƙarfe, rataye tsakanin ginshiƙai huɗu, da layukan kujeru a ciki. Idan an tayar da shi, yakan yi gaba ya yi baya, yana ƙara sama, har na layin ƙarshe su ga ƙasa a saitin fuskarsu.

Mai kula da shi wani dattijo ne, gajere, da usur a wuya. Ba ya wasa da aikinsa.

"Waya a jaka, jaka a akwati! Mai mayafi ta cusa bakinsa. Mai silifa ya cire. Ba na tsintar wa kowa takalmi a kan bishiya."

Kowane layi ƙarfe ɗaya ne dogo yake sauka a kan cinyoyin mutane. Dattijon yakan danna shi da hannu biyu, yana ƙirga ƙarar makullin da ƙarfi: ƙas, ƙas, ƙas, ƙas. In bai kai huɗu ba, sai ya sake wa mutane zama. A layi na uku ya tsaya kan wani mai tumbi da matarsa siririya.

"Maigida, tashi ka koma can. Ƙarfen nan a kan tumbinka zai tsaya, ita kuma uwargida ta zame ta ƙasa."

"Haba Baba, raba mu za ka yi?"

"Raba mu, Baba," in ji matar. "Ko na minti uku ne in huta."

Aka kwashe da dariya. Auta ma ta yi, ta juya don ta ga wanda za su haɗa ido, ba kowa. Ta haɗiye sauran.

Ta nufi layin ƙarshe, inda babu mutum. Dattijon ya ɗaga hannu.

"'Yata, ke kaɗai ce? In ke kaɗai ce zo tsakiya, in sa ki cikin 'yan matan nan. Ba na barin mutum ɗaya a baya."

'Yan matan su biyar ne, kayansu iri ɗaya, suna ta raɗa da ƙyalƙyala. Duka suka waiwayo suka dube ta. Sau huɗu ke nan yau ana yi mata tambayar nan.

"A'a, Baba," ta ce. "Mu biyu ne. Ƙawata tana zuwa."

"To, ta yi sauri."

Ya juya ga sauran layukan. Auta ta zauna, kunya na cin ta. Me za ta ce idan ya dawo? Ta shirya ƙarya ta biyu: ta fasa, tsoro take ji.

Sai jirgin ya nutsa ta gefenta.

Ba kaɗan ba. Ta ji sarƙoƙi sun yi ƙara, ta ji kujerar ta karkata kamar an ɗora mata buhuna. Ta juya.

Wata budurwa ce tsaye a bakin layin. Siririya, sa'arta, da mayafi ruwan toka. Fuskarta irin wadda mutum zai rantse ya san ta, amma ya kasa tuna daga ina.

"Yi haƙuri, na sa ki jira," ta ce a hankali. "Matsa mini."

Auta ta matsa. Har yau ba ta san dalili ba.

Ƙamshin gugguru ya ɗauke. Wani wari ya maye gurbinsa, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Kin sha yawo yau," in ji budurwar. "Ƙafafunki sun gaji. Kuma ba ki ci abincin nan sosai ba, na gani."

"Kin san ni ne?"

"Ke kika ce ina zuwa."

Dattijon ya iso. Ya kama ƙarfen da hannu biyu, ya danna.

Ƙas.

Ya sake dannawa, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ƙarfen bai motsa ba. Ya tsaya cak a saitin ƙirjin Auta, tsakaninsa da cinyarta akwai fili ya fi kamu biyu. Ta dubi ta kusa da ita. Siririya ce kamar kara, amma ƙarfen ya tsaya a gabanta kamar ya tokari bango.

"Baba," Auta ta ce. "Bai sauka ba."

Muryarta ba ta fita ba. Dattijon ya buɗe baki zai yi magana. Budurwar ta ɗaga ido ta dube shi. Sai fuskarsa ta saki, kamar wanda ya shiga ɗaki ya manta abin da ya kawo shi. Ya juya, ya sauka, ya busa usur.

Inji ya ɗauka.

Jirgin ya yi gaba, ya dawo. Ya yi gaba, ya dawo. 'Yan matan tsakiya suka fara ihun daɗi. Auta ta rungume ƙarfen da hannu biyu. Yana da sanyi, yana da santsi.

"Kada ki ji tsoro," in ji budurwar. Duk da ƙarar inji da ihun mutane, muryarta tana shiga kunne tar, kamar a ɗaki suke su biyu. "Ba ni labari. Makonni uku ba wanda ya tambaye ki yaya kika kwana."

Jirgin ya ƙara sama. Bishiyoyi suka koma ƙasa. Auta ta hango birnin gaba ɗaya, dubban tagogi masu haske, ba ko ɗaya da ake jiran ta a ciki.

A ƙarshen tashin, jikinta ya rabu da kujera.

Ɗan lokaci kaɗan ne. Ta dawo ta bugu.

"Rannan da kika yi zazzaɓi," muryar ta ci gaba, "kika tashi da kanki kika ɗebo ruwa, kina rawar sanyi. Kika ce wa Umma lafiyarki ƙalau. Ina nan. Na so in taya ki. Ba ki kira ni ba."

Hawaye suka zubo wa Auta. Ba na tsoro kaɗai ba ne, abin da ya fi ba ta tsoro ke nan.

Sama kuma. Wannan karon gwiwoyinta suka bugi ƙarfen. Ƙafafunta suka bar ƙasa. Ta ga simintin da ke can ƙasa, ta ga hular dattijon kamar murfin kwalba.

Wani hannu ya sauka a kan nata. Ɗumi gare shi. Taushi gare shi.

"Kin gaji da riƙewa. Saki."

"Zan faɗi."

"Ni zan tare ki. Daga yau ba mai sake yi miki wannan tambayar."

Yatsan Auta na farko ya ɗago daga ƙarfen. Ba fizge shi aka yi ba. Shafa shi aka yi, ya saki.

Na biyu.

Ta juya ta dube ta. Mayafin Auta na kaɗawa kamar zai yage. Na budurwar ko motsi ba ya yi. Kowa a jirgin yana tashi yana zama, ita kuwa tana nan daram. Kuma murmushinta ya yi faɗi, ya wuce inda bakin mutum yake tsayawa.

Na uku.

Jirgin ya nufi sama, sama fiye da kowane karo.

Auta ta cusa hannunta na dama ƙarƙashin ƙarfen har zuwa hammata, ta naɗe shi, ta damƙe wuyan rigarta. Sunan Allah ya zo mata baki, ta fizgo shi da ƙyar. Sannan ta ƙwalla ihu da duk abin da ya rage mata.

"Baba! Ƙarya na yi! Ni kaɗai ce!"

Jikinta ya fita daga kujera gaba ɗaya. Kafaɗarta ta yi ƙara. Ta rataye a kan hannu ɗaya, sama da ƙasa suka juye.

Can ƙasa, usur ya tsage iska.

Birki ya kama. Warin roba mai ƙonewa ya tashi. Amma irin wannan jirgi ba ya tsayawa lokaci ɗaya. Sai ya yi lilo ya gaji.

Ya dawo. Ya sake tashi.

"Kin kore ni?" muryar ta tambaya. Babu fushi a ciki. Tausayi ne.

Auta ta runtse ido.

Ya dawo. Ya tashi kaɗan.

"Wa za ki koma wa?"

Auta ta ƙara damƙe wuyan rigarta.

Ya dawo. Ya tsaya.

Kujerar ta ɗago, sarƙoƙi suka saki. Ƙarfen da ya ƙi sauka ya faɗo da kansa: ƙas, ƙas, ƙas, ƙas, ƙas.

Da ta buɗe ido, dattijon ne a kanta, yana haki, hularsa ta faɗi. Gefenta ba kowa. Robar kujerar ta lotsa, faɗin zaman mutum uku, tana tasowa a hankali.

Mutane suka taru. Matar mai tumbi ta tallafe ta, tana cewa, "Sannu ƙanwata, sannu. Maigida, kawo ruwa mana, ka tsaya kana kallo!" Dattijon ya durƙusa a gabanta.

"Shekara ashirin da biyu ina aikin nan. Ban taɓa tayar da jirgi a kan ƙas ɗaya ba. Yau na ji da kunnena, kuma ƙafafuna suka tafi da ni." Ya dubi kujerar, ya kawar da kai. Ya rage murya. "'Yata, ba don in kunyata mutum nake tambaya ba. Wurin da aka ce na wani ne, in ba mai shi, ba ya zama haka nan."

Mai tumbi da matarsa ne suka kai ta asibiti aka mayar mata da kafaɗa. Matar ba ta saki hannunta ba har aka gama.

Washegari ta koma gida. A gida ta ce santsi ne ya kwashe ta a matakala. Yaya ta yi mata tsiya son ranta, Umma ta gasa mata kafaɗar da ruwan zafi. An ce dattijon ya ɗaure layin ƙarshe da sarƙa, ba ya sa kowa a ciki, ko mutum biyu ne, ko goma.

Kafaɗa ta warke cikin wata biyu. Auta ba ta ƙara hawa lilo ba, wannan kowa ya sani.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, wasu ranakun, idan ta dawo daga aiki rana na faɗuwa, gidan shiru, Umma na barci, Yaya na gidanta, wayarta ba ta yi ƙara ba tun safe, takan tuna muryar nan. Ba wanda ya taɓa tambayar ta da irin wannan taushin, kafin ranar ko bayanta.

Sai ta ji kalmar kira ta taso mata har kan harshe.

Takan toshe bakinta da tafin hannu, ta tashi da sauri, ta je ta tashi Umma daga barci.

"Lafiya, Auta?"

"Lafiya, Umma. Ki yi mini magana kawai. Ko faɗa ne."