Tashar da Mansura Ta Ƙi Gusarwa

"Ɗauke jakarki daga kan gadar nan, Jannatu!"

Mansura ce ta daka tsawar, ƙarfen dalma yana hayaƙi a hannunta.

Jannatu ta ɗaga jakar a hankali, kamar mai yi mata alfarma. Sakatariya ce a ofishin sufuri na Alhaji Maigari, mahaifin Bilal, kuma duk unguwar an san ta daɗe da ɗora ido a kan Bilal ɗin, tun kafin a kai goron nema masa auren Mansura.

"Gada? Wannan tarkacen wayoyin keken? Haba malama! Saura wata biyu a ɗaura miki aure, kina nan durƙushe kina wasa da gwangwanin sardin..."

"Me ya kawo ki gidanmu?"

"Na zo ganin abin da ya ɗauke wa Bilal hankali ne. Ashe shirme ne!"

Ta zagaya teburin tana taɓe baki. Ƙyauren ƙofa uku aka haɗa aka yi shi, ya cika ɗakin marigayi Malam Sule, mahaifin Mansura. A kansa ga garinsu Gaya sukutum, an ƙanƙanta ta: kogi na gilashi mai shuɗin fenti, fadamun shinkafa, kasuwa, da layin dogo na jan ƙarfe da ya taso daga Malanville ta tsallaken iyaka, ya haye gada, ya ratsa gari. Da Jannatu ta iso kan tashar jirgin sai ta tsaya cak. Ta sunkuya, ta ƙura ido, murmushi ya suɓuce mata.

Ta ɗaga wayarta ta ɗauki hoto uku, ta fice ko sallama babu.

Mansura ta bi ta da kallo, ba ta san me za ta yi da hotunan ba.

Malam Sule shekara ashirin ya yi a Parakou yana gyaran layin dogo. Da ya dawo gida, babu abin da yake jira irin ranar da jirgi zai yi kuka a Gaya. Ya zana hanyar a takarda da hannunsa, ya nuna inda tasha ta dace, ya rasu bai ji kukan ba. Mansura, wadda take koyar da aikin lantarki a santar koyon sana'a, ta ɗauki zanen ta ce idan babban jirgi ya ƙi zuwa, ƙarami zai zo.

Shekara uku tana abu ɗaya. Katakan ƙarƙashin layi da tsinken ashana ta yi su, ɗaya bayan ɗaya. Taragai da gwangwani. Kuran kuwa, wato wutar lantarki, ta layin kansa yake bi ya shiga ƙafafun jirgi.

Neman ƙaramin inji ne ya kai ta garejin Alhaji Maigari, inda ta tarar da Bilal, shugaban makanikai, hannu duk baƙin mai. Ya ciro mata injin tsohuwar rediyon kamiyo, babbar motar kaya, ya ce ba zai karɓi komai ba sai dai a bar shi ya ga jirgin. Ranar da ya zo, jirgin ya kife a kwana sau huɗu. Bilal ya kwanta rub da ciki yana leƙe, ya ce tazarar layin ce ta matse a wurin. Washegari ya dawo da ɗan ƙarfen awo da ya goge da kansa.

Jirgin bai sake kifewa ba. Bilal kuma bai daina zuwa ba.

Kwana biyu bayan zuwan Jannatu, Alhaji Maigari ya aiko a kira Mansura da Bilal. Da hantsi suka same shi a rumfar garejinsa. Bayansa kamiyoyi goma sha ɗaya ne jere, ƙura ta rufe gilasansu, don tun da aka rufe gadar iyaka yawancinsu ba su motsa ba.

Mansura ta durƙusa ta gaishe shi. Bai amsa ba, sai ya miƙo waya.

"Wannan wurin da kika dasa tasharki, ina ne?"

Ta dubi hoton. "Nan ne, Baba."

"Nan! Garejina! Na ji labari masu son ƙwace mini fili ne suka sa ki, za ki kai abin baje kolin santarku manya su gani. Motocina suna tsaye, direbobina suna zaune, ke kuma kina nuna wa gari yadda za a binne ni!"

"Wallahi Baba babu wanda ya sa ni. Zanen mahaifina ne. Lokacin da ya yi shi, nan gonar dawa ce."

"Ban tambaye ki tarihi ba. Ki cire tashar nan daga filina, ko kuwa a bar maganar aure."

Bilal ya ɗago a firgice. "Baba..."

"Rufe mini baki!"

Mansura ba ta ɗaga kai ba. Muryarta ma ba ta tashi ba.

"Ka yi haƙuri, Baba. Da wani abu nawa ka nema, ko mene ne, da na ba ka. Wannan kam ba nawa ba ne. Inda ya ajiye ta, nan za ta zauna."

Direbobin da suke shan shayi a gefe suka juyo suna kallon ta. Ta sake gaishe shi, ta miƙe ta tafi.

Bilal ya cim mata a bakin titi, yana haki.

"Sura! Tsaya mana, hasken idona..."

Ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Taƙi ɗaya kawai. Ki gusa ta taƙi ɗaya, ki mayar da ita bayan kasuwa. Wa zai sani?"

"Ni zan sani."

"Saboda kwali da ashana za ki bar ni?"

Sai a lokacin ta juyo, hawaye sun cika idanunta amma ko ɗaya bai zubo ba.

"Kwali da ashana? Kai ma, Bilal? Kai da ka kwanta a ƙasa kana gyara mini layi?"

"Ba haka nake nufi ba, masoyiyata..."

"Yau tasha ce. Gobe a ce in bar koyarwa, don matar ɗan Alhaji ba ta hawa tsani tana ɗaura fil ɗin lantarki. Jibi kuma me? Idan aurenka sai na yarda da ƙaryar da aka yi mini, na haƙura da shi!"

Ta tare kabu-kabu ta hau. Bai bi ta ba.

Mako uku babu kira, babu saƙo. Gari ya ɗauka. A bakin kogi, wajen masu jiran kwalekwale, ana cewa ɗiyar Sule ta zagi surukinta a gaban yaransa. Jannatu kuwa kullum sai ta kai wa Bilal abinci gareji da hannunta, kuma ta tabbatar labarin ya iso kunnen Mansura.

Inna Kaltuma, mahaifiyarta, ta same ta wata rana da la'asar tana liƙa fil a ƙarƙashin tebur.

"Mansura, fito mu yi magana."

"Ina jin ki, Inna."

"Kina son yaron nan ko ba kya son sa?"

Can sai ga sautin kuka daga ƙarƙashin teburin.

"Ina son sa, Inna... ko abinci ba na jin ɗanɗanonsa."

"To mahaifinki ya rasu, ɗiyata. Ba zai ji haushi ba don kin gusa tasha."

"Na sani. Amma idan na gusa, na amsa cewa an saye ni ke nan. Kuma na amsa cewa shi ma abin da ya bari wasa ne."

Inna ta girgiza kai. Daga baya ta ce, "Taurin kan nan a wurinsa kika ɗauko," ta ajiye mata kwanon fura ta fita. Ba ta sake tayar da zancen ba.

Ranar Laraba da safe Mansura tana shirin tafiya santa aka yi sallama. Bilal ne. Ya rame, kuma babu rigar aiki a jikinsa.

"Ban zo roƙon ki gusa komai ba," ya ce tun kafin ta buɗe baki.

Ta harɗe hannuwa. "To me ka zo yi?"

"Ni da Baffa Alfari, ƙanin Baba, mun bi maganar har meri, ofishin magajin gari. Babu wanda ya taɓa jin zancen ƙwace fili. Muka titsiye Jannatu a gaban Baba, ta fashe da kuka ta ce ita ta ƙirƙira. Ya sallame ta a take."

"Alhamdu lillahi. Ya janye ke nan?"

Bilal ya girgiza kai. "Ya ce ya riga ya furta a gaban mutane, ba zai lashe ba. Sai kin gusa."

"To ka san amsata."

"Na sani. Shi ya sa na ajiye masa makullan gareji jiya."

Mansura ta sauke hannuwanta.

"Ka yi me?"

"Na durƙusa na ce masa, Baba, ban taɓa saɓa maka ba, kuma har in mutu ni ɗanka ne. Amma ba zan sa yarinyar da aka yi wa ƙazafi ta biya laifin wadda ta yi ba. Baffa ya ce shi zai tsaya mini."

"Bilal, aikinka... gidanku..."

"Hannuna yana nan. Injin kwalekwale ma yana son makaniki." Ya matso taku ɗaya, muryarsa ta yi ƙasa. "Ki gafarce ni, Sura. Ranar nan tsoro ne ya yi magana da bakina. Mako ukun nan ban san ina raye ba."

Hawayen da ta hana zuba a bakin titi suka ɓalle.

"Mugu kawai... ko kira ɗaya!"

"Na ji kunyarki ne, rabin raina."

"Kada ka sake."

"Har abada."

An ɗaura auren ranar Asabar ɗin da aka sa tun farko. Baffa Alfari ya karɓa wa Bilal. Direbobin gareji sun zo a ɓoye, 'yan santa sun zo da gayya, dangin Inna sun cika mota daga Bana. Alhaji Maigari bai zo ba, bai kuma aiko ba. Mansura ta ga yadda Bilal yake waiwayen ƙofa har aka watse, ta riƙe abin a ranta.

Sun kama gida mai ɗaki biyu kusa da fadama, ɗaya nasu, ɗaya na jirgi. Ranar baje koli ta kai abinta santa, tasha tana inda take, mutane suka yi layi har waje suna kallo. Tsofaffi sun fi yara daɗewa a gaban teburin.

Bayan wata biyu, wata Juma'a da aka sauko daga masallaci, Mansura tana gwada sababbin taragai shida da ta cika da shinkafa. Jirgin yana haye gada lafiya, amma da ya kama hawan shiga gari sai ƙafafunsa su yi ta juyawa a wuri ɗaya. Bilal yana ƙarƙashin tebur yana duba kuran.

"Ba daga kuran ba ne."

Muryar daga bakin ƙofa ta fito. Bilal ya yunƙura har kansa ya bugi katako.

Alhaji Maigari ne tsaye da babbar riga, carbi a hannu. Mansura ta zube ƙasa tana gaishe shi. Wannan karon ya amsa, a taƙaice, idonsa yana kan teburin.

"Kowa a gari ya gani sai ni," ya ce. "Har direbobina. Na ce bari in zo in ga abin da ya raba ni da ɗana."

Ya zagaya a hankali, ya wuce kasuwa, ya wuce fadama, ya tsaya a kan tashar. Ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya dawo wajen hawan.

"Shekara talatin ina jan kaya a hanyar nan. Ko kamiyo ba zai hau wannan tudun da lodi ba. Kin miƙar da shi da yawa. Ki faro hawan tun daga bakin gada, ya tafi a kwance."

"Sai na tayar da layin duka, Baba."

"To a tayar mana! Ana jin tsoron aiki ne?"

Ya naɗe hannun rigarsa, ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara. Bilal ya juya fuska yana share ido.

Mansura ta matso kusa da shi. Ta san tambayar tana iya ɓata komai, amma ba ta iya barin ta a ciki ba.

"Tashar fa, Baba?"

Alhaji bai ɗago ba.

"Sule ya san aikinsa. Duk garin nan babu shimfiɗaɗɗen wuri kamar nan, shi ya sa ni ma na saye shi." Ya miƙo hannu. "Ba ni abin cire ƙusa, ɗiyata. Kai kuma Bilal, ka tsaya kana kallona? Riƙe mini nan!"

Bilal ya riƙe. Ta ƙarƙashin teburin, ɗaya hannun nasa ya lalubo na Mansura ya damƙe, ita ma ta damƙe.