Kujerar Mutumin Gida

Kofin shayi ya suɓuce daga hannun Amarya ya tarwatse a falo.

"Ga shi nan kuma!" in ji Inna, uwar mijinta. "Yanzun nan na gasa miki jiki da ruwan zafi, amma kin ƙara langaɓewa. Wane irin ciwo ne mai zaɓen lokacin aiki?"

Amarya ta dubi mijinta, tela mai tsananin kunyar uwa. Ya sunkuyar da kai kamar mai neman allura. Shirunsa ya fi faɗan Inna yi mata ciwo.

MS ake kiran ciwonta. Jijiyoyi yake taɓawa, ya zo ya tafi ba sallama. A asibiti, likitan jijiya da nas da mai motsa gaɓoɓi da mai bincike duk tebur guda suke zama da ita, har da kujerar mutumin gida. Kullum jakarta ce ke zama a kai.

"Yau ma ke kaɗai?" nas takan tambaya.

"Ɗinki ya yi masa yawa, Sista."

Da yamma Inna ta yanke hukunci: Amarya ta tafi gidansu ta huta. Kowa ya san irin wannan hutun, ba a dawowa.

"Yaya," Amarya ta ce da mijinta tana hawaye, "zo ka zauna a kujerar nan sau ɗaya. In ƙarya nake, da ƙafata zan tafi."

Ya tashi ya koma kan keken ɗinkinsa.

Ranar asibiti, ta ajiye jakarta ke nan aka turo ƙofa. Shi ne, Inna na biye.

"Na zo in ji da kunnena," in ji Inna. "Kullum sai na gasa ta, likita, amma a banza!"

Likita ya ce, "Inna, zafi shi ke tayar da ciwon nan. Mun sha gaya wa Amarya."

Inna ta juyo a hankali. "Kin sani kika yi shiru?"

"Kunyarki na ji, Inna. Ke kaɗai ke taɓa ni da sunan jinya."

Inna ta rufe fuska da gyale. Mijin ya ɗauke jakar, ya zauna, ya riƙe hannun da ya yar da kofi.

"Ki yafe mini. Ba inda za ki."

Haƙurinta ya yi rana. Amma kada a bar mai ciwo shi kaɗai don ba a ganin ciwonsa, a zo a tambaya.

Nas ta fita neman kujera ta biyu.