Dokar Waƙa a Gidan Gyaɗa

Can a wani gari, an yi wata tsohuwa mai aikin ɓarar gyaɗa a gidan wata attajira. Dokar gidan kuwa, mai ɓara ta yi ta waƙa, don kada bakinta ya samu damar tauna.

Ran nan tari ya sarƙe tsohuwa, waƙa ta tsaya.

Attajira ta taso a fusace. "Iya, kin yi shiru, kin ci gyaɗata! Tashi ki bar min gida!"

Tsohuwa ba ta yi musu ba. Ta dai wangame baki, babu haƙori ko ɗaya.

Attajira ta daka tsawa, "To wa ke cinye min gyaɗa?" Sai ga guntun gyaɗa ya yi tsalle daga bakinta, ya faɗa faifan tsohuwa.

Tsohuwa ta tsince shi, ta miƙa mata. "Hajiya, ke ma ki riƙa taya mu waƙar."