Makullin Lori a Gaban Alƙali

Safiyatu tana tankaɗen gari a tsakar gida da hantsi sai ga mijinta Laminu ya shigo, ya zauna a kan turmi. Shekara huɗu da aurensu, ba ta taɓa ganinsa a gida a wannan lokaci ba.

Laminu ɗan gyaɗa ne a Nguru. Yakan karɓi kuɗi a hannun manyan 'yan kasuwa ya raba wa manoma, in kaka ta yi ya tara gyaɗa da lorinsa ya kai tashar jirgin ƙasa. Sai aka yi farin 1973. Manoma ko iri ba su mayar ba, mutum bakwai kuma suna binsa Naira dubu shida.

"Maigida, lafiya?"

"Na karye, Safiya. Ina tunanin in kai kaina gaban alƙali."

Ta ajiye rariya. "In ka kai kanka me zai faru?"

"Zai sayar da lori da sito, ya raba wa kowa gwargwadon kuɗinsa. Gidan nan da kayan ɗakinki ba za a taɓa ba. Babu mai sake tsaya mana a ƙofa, babu kurkuku, abin da ya rage in biya in Allah ya hore."

"To ai da sauƙi."

"Ba ki ji sauran ba. Za a yi shela a kasuwa kada kowa ya ba ni bashi, ko na allura. Kwastomomina duk za su watse. Ke ma in kin je biki za a nuna ki da baki."

"In ba ka je ba fa?"

"In ci sabon bashi in rufe tsoho, ko in hau jirgi in ɓace kamar yadda wasu suka yi."

Ta ce, "Nuni da baki zan iya ɗauka. Ɓacewarka ce ba zan iya ba."

Kwana uku labari ya kai Gashuwa wajen mahaifinta, Alhaji Kalli mai shinkafa. Ya zo da kansa, ya zauna a zaure, ya sa aka kira su.

"Laminu, ka kawo lorin nan Gashuwa in ce tawa ce. In ƙura ta lafa ka ɗauki abarka."

"Baba, da kuɗin mutane na saye ta. In na ɓoye, da wane baki zan yi rantsuwa?"

"Wato ni za ka koya wa addini? To 'yata ba ta zama gidan wanda aka yi shelarsa. Safiyatu, ɗauko mayafinki."

Ta yi kuka har muryarta ta dushe, amma ba ta yi wa mahaifinta musu ba. A bakin ƙofa ta ce wa mijinta a hankali, "Ka je gobe, kada ka fasa saboda ni."

Washegari ya ajiye makullin lori da na sito a gaban alƙali. Aka sayar, kowa ya sami kusan rabin kuɗinsa, aka yi shela ranar kasuwa. Abokai suka daina amsa sallamarsa da kyau. Alhaji Ibram, ɗaya daga cikin masu binsa bashi, shi ya sayi lorin, ya kuma ɗauke shi direba.

Wata biyar Safiyatu tana Gashuwa. Duk lokacin da mahaifinta ya kawo zancen raba auren, amsarta ɗaya ce: "Baba, bai yi mini komai ba."

Wata rana Alhaji Ibram ya zo sayen shinkafa. Ana cikin awo ya ce wa Alhaji Kalli, "Mutum tara suka ci kuɗina a shekarar farin nan. Takwas ban san inda suke ba. Surukinka kaɗai ya kawo makulli da hannunsa, kuma duk wata sai ya ce in cire wani abu daga albashinsa. Na damƙa masa cinikin fatuna gaba ɗaya."

Da aka gama lodi Alhaji Kalli ya shiga cikin gida, ya tsaya a ƙofar ɗakin 'yarsa.

"Ki shirya, lorin nan Nguru za ta. Mijinki ne ke tuƙi, yana waje ya ƙi shigowa don kunya. Ki ce masa ya zo ya ci abinci tukuna."

Shekara uku Laminu ya ɗauka kafin ya biya kwabon ƙarshe. Bai sake mallakar lori ba sai bayan an yi Jihar Borno da daɗewa, amma kafin nan maganarsa kaɗai ta isa a ba shi kayan dubbai a Nguru.

Karyewar jari ba ita ce karyewar mutum ba. Wanda ya faɗi gaskiya ranar da ba shi da komai, shi ake ba amana ranar da ake neman mai riƙewa, kuma matar da ta yi haƙuri da kunyar wata biyar ta tsira da mijin da ba ta taɓa jin kunyarsa ba.