Sakatar Banɗaki

"Ina sakatar ƙofar banɗakin nan?"

Kafinta ya sosa ƙeya. Haka nake kiransa tun ranar da ya zo gyara mana taga, ya tafi da zuciyata. Bikinmu ya matso, shi ne ya kawo ni in ga ɗakin da ya shirya mana.

"Na cire, hasken idona..."

"Risho fa?"

"Mama ta ce kada ki kusanci wuta."

Raina ya yi mugun ɓaci. Tun ina yarinya nake da farfaɗiya, tun lokacin kuma Mama ta hana ni sakat. In na shiga wanka tana bakin ƙofa. Cokali ya suɓuce min, ta taho da gudu tana salati. Ina shan maganina a kan lokaci, ba na wasa da barci, na san warin da nake ji in abin zai zo, sai in nemi wuri in kwanta ta gefe. Amma ko ruwan shayi ban taɓa dafawa a gidanmu ba. Na ɗauka aure zai 'yanta ni, ashe Mama ta biyu zan aura, mai gemu!

"Ka goge kaifin kusurwar tebur don kada in bugu, na ƙyale ka. Ni miji nake so, ba mai gadi ba. In jinya ka zo yi, gara mu haƙura tun yanzu."

Ya zauna a bakin gado, idanunsa suka kaɗa. "Ranar da kika faɗi a shagona, ji na yi kamar raina zai fita. Tsoro nake ji."

"Ni ma ina ji. Amma ni ce mai ciwon, ni za ka tambaya, ba Mama ba."

"To... na tambaye ki."

"Risho ya dawo, zan yi girki in kana gida. Kuma ba kai ba tsayuwa a ƙofa. In ina wanka zan riƙa waƙa, in ka ji shiru ka shigo."

"Da wannan muryar taki?"

Na harare shi, dariya na cina, hawaye na zuba.

Ya ciro sakatar daga aljihu, ya sa min a tafin hannu ya dunƙule. "Ƙofarki ce."

Likita ya daɗe da hana ni kulle banɗaki, na sani sarai. Har yau sakatar tana cikin jakata, ba a maƙala ta ba. Amma ni ce na ce kada a maƙala.