Waken Leƙe

A can wani ƙauye, a wata 'yar makarantar sakandare, an yi wata yarinya mai son ganin ƙwaƙwaf. Wata rana malamin aikin gona ya raba wa ɗalibai ƙwayar wake ɗai-ɗai, ya ce kowa ya shuka a gwangwani.

"Wanda nasa bai tsiro ba," in ji Malam yana gyara tabarau, "sharar aji tasa ce har ƙarshen zango."

Kowa ya zuba ruwa ya tafi. Ita kuwa da safe sai ta ce, "Bari in leƙa kaɗan." Ta tone waken, ta duba, ta mayar. Washegari ma, "Bari in leƙa kaɗan." Haka kullum, har waken ya gaji ya mutu.

Ranar dubawa ta riga kowa zuwa. Ga gwangwanin ƙawarta da ke gida ba lafiya, ganye kore shar. Ta ɗauka, ta jujjuya shi, sannan ta mayar, ta ɗauki nata.

"Ke, ina wakenki?" in ji Malam.

"Malam, leƙe ne ya kashe shi. Amma ashe ba ganye ke fara fitowa ba. Fatar ce ke tsagewa, sai farar saiwa ta yi ƙasa, ko ta yaya aka kwantar da shi."

A duk ajin babu wanda ya taɓa ganin haka.

Malam ya miƙa mata tsintsiya, sannan ya laluba aljihu ya ba ta wake biyu.

"Ɗaya na leƙe," ya ce. "Ɗayan kuma, don Allah, ki ƙyale shi."